Baƙi-da-fari ko mai kala: kafin ka saka kuɗinka da lokacinka

Kwanakin baya ƙanina ya turo min hotuna biyu yace "Yaya dan Allah duba min wanne yafi kyau". Da na buɗe sai naga ashe hoto ɗaya ne, wani jan fure a tsakiyar koren ganye bayan an ɗauke ruwa, ɗaya ya barshi da kalarsa, ɗayan kuma ya danna filta ya maida shi baƙi-da-fari. A mai kalar furen ne ke fara fisgar idonka tun baka gama buɗe hoton ba, a ɗayan kuwa wallahi sai da na lalubo furen, ya saje da ganyen, duk sun koma toka-toka iri ɗaya. Yaron bai gane me ya faru ba, shi a zatonsa duk hoton da aka cire wa kala ya shiga sahun na manyan masu hoto kenan, har yana shawarar ya sayar da kyamararsa ta dijital ya sayi tsohuwa mai fim. Nace masa ya dakata tukuna. Abin da na faɗa masa ranar shi zan faɗa anan amma da ɗan faɗi, don nasan ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba.

Da farko dai abu uku ne a gabanka ba biyu ba, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai baƙi-da-fari na fim, wanda ake sakawa a kyamara a ɗauka a wanke da sinadarai. Akwai dijital mai kala, wato abin da wayarka da kyamarar zamani ke yi. Sannan akwai na tsakiya, a ɗauka da dijital daga baya a cire kalar. Idan wani yace maka yana son baƙi-da-fari ka tambaye shi kamannin hoton yake so ko aikin hannun yake so, domin amsar ta bambanta sosai.

Shi hoto ai da baƙi-da-fari aka haife shi, ba don masu yinsa sun fi so ba sai don abin da ya samu kenan. Wani mai suna Niépce a Faransa ya ɗauki hoton da ake ganin shine mafi tsufa da ya rage wajen 1826, daga tagar gidansa, kuma sai da farantin ya sha haske na awanni masu yawa. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshe mai suna Daguerre. Kala bata shigo kasuwa sosai ba sai 1907 da farantin hoto mai kala na Autochrome na 'yan'uwan nan Lumière, sai fim ɗin Kodachrome a 1935. Kuma ko bayan nan manyan gidajen baje kolin zane sun daɗe suna yi wa hoto mai kala kallon kayan talla, har 1976 da aka baje hotunan William Eggleston masu kala a gidan baje kolin MoMA dake New York masu sharhi da yawa sun yi masa ca. Daga nan wannan tunanin ya samo asali, cewa baƙi-da-fari shine na masu aji, kuma har yau bai bar kan mutane ba. Ni dai ban yarda dashi ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda yafi son baƙi-da-fari a ransa.

Fim ɗin baƙi-da-fari abu ne mai sauƙin fahimta. Leda ce da aka shafa mata wani danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, duk inda haske ya taɓa sai ƙwayar ta canza a ɓoye, idan aka tsoma a ruwan wanki wurin ya koma baƙar azurfa, sai a saka a ruwan tsayarwa mai dakatar da aikin wankin, sai na kafewa wanda ke wanke ragowar da haske bai taɓa ba. Abin da ya fito shine nagatif, fari ya zama baƙi baƙi ya zama fari. Daga shi ake haskawa kan takarda a ɗakin duhu. Kuma nan ne abin yake kama mutum, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban faranti a ƙarƙashin jar fitila ya san me nake nufi: ka saka farar takarda fes a ruwan kana ɗan girgiza farantin, daƙiƙa goma babu komai, can sai kaga wurare mafi duhu sun fara tasowa, ƙwayar ido tukuna, sai gira, sai inuwar ƙarƙashin haɓa, kafin minti ɗaya da rabi fuskar mutum ta cika tana kallonka daga cikin ruwa. Na gani sau ba adadi amma har yanzu sai naji gabana ya ɗan faɗi. Babu wata manhaja da zata baka wannan, kuma idan wannan kake nema to babu zancen kwatance ma, fim zaka kama.

Amma ka san abin da ka ɗauko. Nadi ɗaya na fim ɗin 35mm hoto 36 ne ko 24, na 120 mai faɗi kuma 12 kacal idan mai kusurwa huɗu daidai kake ɗauka. ISO ɗin da ka saka, wato ma'aunin yadda fim ke saurin jin haske, dashi zaka tafi har nadin ya ƙare, idan 400 ne kamar fim ɗin Tri-X ko HP5 to 400 ne da rana 400 ne da magariba, sai dai ka tura shi zuwa 1600 ka ƙara masa lokaci a wanki, shima nadin gaba ɗaya zaka yiwa ba hoto ɗaya ba. Baka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Fim baya son zafi, a firij ake ajiye shi, kuma sabbin na'urorin binciken kaya na filin jirgi masu ƙarfi na iya lalata shi, shi yasa masu fim ke roƙon a duba musu da hannu. Ruwan wanki ana son ya tsaya a digiri 20, idan kana wuri mai zafi sai ka sanyaya shi. Saka fim a tankin wanki kuwa a duhu ƙirin ake yi, ko jar fitilar ba a yarda ba, da yatsu kawai kake gani. Ruwan kafewa da aka gama aiki dashi yana ɗauke da azurfa, ba a zubar dashi a magudana haka kawai. Kuma kowane danna ɗaya kuɗi ne, fim kuɗi sinadari kuɗi takarda kuɗi, idan kuma so kake ka tura wa mutane a waya sai ka sake yin sikanin. Abin daɗin dai shine wankin baƙi-da-fari yafi na fim mai kala sauƙi nesa ba kusa ba, na kala sai ruwa ya tsaya cak a digiri 38, shi kuwa wannan a banɗaki ma zaka iya da tanki da ma'aunin zafi da agogo. Idan babu mai wanke baƙi-da-fari a inda kake akwai Ilford XP2, hoton baƙi-da-fari yake fitarwa amma a injin wankin fim mai kala ake wanke shi.

To dijital fa? Abin da mutane da yawa basu sani ba shine sensar kyamara, wato farantin dake karɓar haske a madadin fim, ita kanta bata ganin kala, yawan haske kawai take ƙirgawa. Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975 baƙi-da-fari take ɗauka, fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 100 sau 100, kuma daƙiƙa 23 take ɗauka kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Dabarar da ta kawo kala ita ce ta Bryce Bayer, shima na Kodak, wadda aka yi wa rajista a 1976: a shimfiɗa ƙananan matatai masu launi a kan sensa, a kowane fiksel huɗu biyu kore ɗaya ja ɗaya shuɗi, kore yafi yawa saboda idon ɗan'adam yafi jin kore. Kowane fiksel launi ɗaya yake gani, sauran biyun kwamfutar cikin kyamara ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Kaga kenan kalar da kake gani a hotonka lissafi ne, kuma a waya lissafin ya ma wuce nan, kafin ka ɗaga yatsa ta ɗauki hotuna da yawa ta haɗe su ta goge fata ta ƙara wa sama shuɗi.

Abin da wannan ya baka ba ƙarami bane, kada wani mai son tsohon zamani ya raina maka shi. Kana gani nan take, ka gyara nan take. Ka canza ISO daga hoto zuwa hoto. Ka ɗauki ɗari biyar a wuni baka ƙara kashe komai ba, kuma ga mai koyo wannan shine babban malami, ka ɗauka ka duba ka gane kuskurenka tun hasken bai gushe ba, ba sai bayan sati biyu ka manta yadda ka saita kyamarar ba. A duhu kuwa babu ma haɗi, kyamarar zamani na ɗauka a ISO 6400 hoton ya fito da kyau, inda fim zai bar ka da inuwa baƙa wuluk babu komai a ciki.

Yanzu ga ainihin inda zaɓin yake. Duk hoton da zaka ɗauka ka tambayi kanka, kalar nan tana faɗin wani abu ko kuwa hayaniya kawai take? Furen ƙanina kalar ce hoton, ja a kan kore, ka cire ta ka cire komai, saboda ja da kore na iya zama masu haske ɗaya duk da launinsu ya bambanta. Haka faɗuwar rana, haka tsuntsu, haka duk wani kaya da kake son sayarwa, mai saye so yake yaga launin abin da zai biya, ka tura masa riga a baƙi-da-fari ai baka nuna masa komai ba. Hoton fasfo da na takardun hukuma galibi mai kala ake buƙata. Likitan da zai duba ƙurji a fata, manomin da ke son a gane cutar da ta kama ganye, mai ɗaukar hoton shaida, duk waɗannan kalar bayani ce a wurinsu, cire ta ɓoye gaskiya ne. Hotunan iyali ma ina ba mutane shawara su bar kalar, bayan shekara talatin yaro zai so ya san launin rigar da mahaifiyarsa ke yawan sawa.

Amma akwai hoton da kala ke cutar dashi. Na taɓa ɗaukar wani dattijo yana zaune kusa da taga, hasken safe na dukan rabin fuskarsa, hannunsa ɗaya a kan gwiwa. A mai kalar idona sai ya dinga zamewa zuwa wani shuɗin bokitin roba dake bayansa da wata jar leda a ƙasa, dattijon ya zama abu na uku a hotonsa. Da na cire kalar bokitin ya nutse cikin duhu, ledar ta ɓace, sai ga layukan goshinsa ɗaya bayan ɗaya, jijiyoyin bayan hannu, farin gashi guda-guda a gemu, da ɗan ɗigon haske a ƙwayar idonsa. Baƙi-da-fari na rayuwa ne da haske da inuwa da siffa da kaushi ko santsin abu. Shi yasa J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya, da ya fara ɗaukar hotunan kitso daga 1968 har suka kai kusan dubu ya yi su a baƙi-da-fari, sau da yawa daga bayan kai, bango fili, babu abin da zai raba hankalinka da tsarin gashin, kana ganinsa kamar gini. Ka duba hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako kaga yadda zanen tufafi da zanen labule ke haɗuwa ba tare da sun yi faɗa da juna ba, da kala ne da ido ya gaji. Sidibé ɗin nan a 2007 aka bashi babbar lambar yabo ta Venice, shine mai hoto na farko da ya same ta.

Akwai kuma matsalar haɗuwar fitilu, wadda duk mai ɗaukar hoto a cikin ɗaki ya sani. Hasken rana wajen 5500 yake a ma'aunin launin haske na Kelvin, tsohon ƙwan fitila wajen 2700 mai ɗorawa-ɗorawa, wasu fitilun kuma kore-kore suke fitarwa. Idan suka haɗu a fuska ɗaya sai kaga kunci ɗaya ruwan lemo ɗayan shuɗi, ka gyara wannan wancan ya lalace. Baƙi-da-fari bai san wannan ciwon kan ba sam. Haka yashi-yashin da ke fitowa a hoton duhu, a mai kala ɗige-ɗige ne ja da kore masu muni, a baƙi-da-fari kuwa sai ya yi kama da ƙwayar fim har ya ƙara wa hoton armashi.

Zancen fata ma ba zan tsallake shi ba don yana ci min rai. Shekaru da dama katin da ake saita injinan wankin hoto mai kala dashi hoton farar mace ne a jiki, don haka baƙar fata ke fitowa ko dai ta dushe ko ta nutse babu bayani. Dijital ta gaji wani ɓangare na wannan, har yau akwai wayoyin da ke ɗashe fuskar mutum su goge ta kamar roba ba tare da ya nema ba, har sai da Google ya fito a 2021 yana tallan gyaran da ya yi kan haka a wayarsa Pixel 6. Idan mai kala zaka ɗauka ka kashe wannan gyaran fuskar, ka auna haske a kan fuskar ba a kan bango ba. A baƙi-da-fari kuwa baƙar fata idan haske ya zo mata daga gefe abin sai wanda ya gani, sheƙin goshi da kunci su ke zana fuskar. Sai dai shima idan ka rage haske ka kashe ta.

Wajen auna haske fim da dijital kishiyoyi ne, kuma wannan na kama waɗanda suka sauya daga ɗaya zuwa ɗaya. Nagatif na jure haske mai yawa, abin da baya yafewa shine ƙarancinsa, shi yasa masu fim ke cewa ka auna don inuwa. Dijital akasin haka, inuwa zaka iya ɗago ta daga baya, amma wurin da ya ƙone ya zama fari fat ya tafi kenan. Tsarin da Ansel Adams da Fred Archer suka fitar, wanda ya raba haske gida 11 daga baƙi ƙirin zuwa fari tas, yana da amfani ga kowa ko da waya kake ɗauka, don yana koya maka kallon abu ka san wane tokan zai zama.

Daɗewa kuma fa? Anan fim ɗin azurfa ya yi zarra. Nagatif ko takardar da aka wanke da kyau aka ajiye a busasshen wuri na haura shekara ɗari, ka ɗaga ta a haske ka gani da idonka babu caji babu manhaja. Tsofaffin hotuna masu kala kuwa rini ne, shi yasa kake ganinsu sun koɗe sun koma ja-ja. Fayil ɗin dijital shi baya koɗewa ko kaɗan, kwafi na dubu daidai yake da na farko, amma ɓacewa yake yi gaba ɗaya lokaci guda. Na taɓa rasa hotunan shekara biyu da wani faifan ajiya ya mutu ba sallama, a ciki har da na mutanen da yanzu basa duniya, har yau abin na min zafi. Idan dijital ka zaɓa ka ajiye kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, kuma waɗanda ka fi so ka wanke su a takarda. Sai dai wajen fitar da baƙi-da-fari a firinta ka kula, wadda bata da tawadar toka tana haɗa launuka ne ta samar da tokan, sai hoton ya fito da ɗan kore ko shunayya.

Akwai kyamarorin dijital da aka cire musu matatan Bayer ɗin gaba ɗaya, baƙi-da-fari zalla suke ɗauka, irin Leica M Monochrom ta 2012 da Pentax K-3 Mark III Monochrome ta 2023. Sun fi kaifi kuma sun fi tsabta a duhu saboda babu matatar dake cinye haske, amma ba na mai farawa bane, ka saya ka rufe wa kanka ƙofar kala kenan.

To ga abin da na ce wa ƙanina. Kada ya sayar da komai. Ya saita kyamararsa ta dinga ajiye RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara bata taɓa ba, da JPEG, wanda ta riga ta sarrafa, tare, ya maida allon baƙi-da-fari, ta haka idonsa na ganin toka yana koyon haske amma fayil ɗin RAW na riƙe da kalar duka ko da zai buƙace ta. RAW ɗin ma yafi ɗaukar gyara, JPEG matakin haske 256 yake dashi a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, shi yasa idan ka matsa wa JPEG sai kaga sama ta tsattsage layi-layi. Kuma ya daina danna filta ɗaya yace ya gama, ya shiga manhajar gyaran hoto irin Lightroom ko Darktable wadda kyauta ce ya ja kowane launi daban. Masu fim da gilashi mai launi suke wannan a gaban lens wato idon kyamara, ja na duhunta shuɗin sama gajimare ya fito ɓaro-ɓaro, ɗorawa na yi a hankali, kore na haska ganye, amma su kafin ɗauka suke yanke shawara, shi kuwa yana da damar gwadawa bayan ya dawo gida. Idan ya yi wata uku a haka yaga har yanzu ransa na wajen takarda da ruwa da jar fitila, to ya ari tsohuwar kyamara ya sayi nadi biyu na ISO 400 ya gwada kafin ya sayi tasa. Idan kuma aiki yake son yi wa mutane su biya shi, dijital mai kala dole ne, baƙi-da-farin sai ya zama ƙari da yake miƙawa a gefe.

Furen nan ma mun koma kansa a wannan daren. Nace ya ja jan sama ya ja koren ƙasa, yana yi sai ga furen ya taso fari-fari a kan ganye masu duhu, ɗigon ruwan dake kan kunnuwansa suna ƙyalli, abin da bamu ma lura dashi ba a mai kalar. Ya ajiye duka biyun, mai kalar ya tura wa mahaifiyarmu, ɗayan kuma yace takarda zai wanke shi.